Likita a Bakin Waya: Yadda Amurka ta Koya wa Likitocin Iyali Kula da Ƙwaƙwalwar Yara

Amurka ta fi kowace ƙasa a duniya zuba kuɗi a harkar lafiya, amma a shekarar 2016 likitocin ƙwaƙwalwar yara da take da su ba su cika dubu takwas ba. Wani bincike da mujallar Pediatrics ta buga a 2019 ya ƙirga su, ya sami 7,991, ya kuma gano cewa kashi 70 cikin 100 na gundumomin ƙasar ko guda ɗaya ba su da shi. A wannan shekarar ta 2019 wani binciken ya ƙiyasta cewa yara miliyan 7.7 ne ke fama da ciwon damuwa, ko yawan fargaba, ko lalurar rashin natsuwa da ake kira ADHD, kuma kusan rabinsu ba su samu kulawar ƙwararre ba.

To, ina iyayen waɗannan yara suke nufa? Inda suka saba suke komawa, wurin likitan da ya yi wa yaron rigakafi, ya auna nauyinsa, ya san halin da gidan ke ciki. A Amurka wannan mutum ko dai likitan iyali ne, mai duba kowa tun daga jariri har tsoho, ko kuma likitan yara na unguwa. Kusan ƙarni guda ke nan ana neman dabarar da za ta sa ya iya ɗaukar wannan nauyi. An gwada littafi, an gwada lacca, an gwada takardar tambayoyi. Sai a shekaru ashirin na baya-bayan nan aka gane cewa ba ƙarancin sani kaɗai ke ɗaure masa hannu ba. Abin da ya fi damunsa shi ne rashin wanda zai tsaya masa idan al'amari ya rikice.

Katangar da aka gina

A 1930 manyan malamai biyu na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, Adolf Meyer na sashen ƙwaƙwalwa da Edwards Park na sashen yara, suka ɗauko wani likita da ya yi karatu a Berlin, Leo Kanner, suka buɗe masa ofis a cikin asibitin yara. Wannan ne karon farko da aka kafa sashen ƙwaƙwalwar yara a cikin asibitin yara a ƙasar. Duniya ta fi sanin Kanner da bayanin da ya yi a kan galahanga a 1943, amma babban aikin da aka ɗora masa tun farko shi ne ya koya wa likitocin yara gane damuwar yaro kamar yadda suke gane zazzaɓinsa. A 1935 ya fitar da littafin koyar da wannan fanni, na farko a harshen Ingilishi.

Sai dai fannin bai bi wannan hanya ba. Tun daga 1909, lokacin da William Healy ya buɗe cibiyar duba yaran da kotu ke shari'arsu a Shikago, aka soma kafa cibiyoyin gyaran halin yara a waje da asibitoci. Ma'aikatansu sun karkata ga tafarkin masanin ƙwaƙwalwa Freud, inda ake shafe watanni ko shekaru ana zama da yaro ɗaya. A 1953 likitocin ƙwaƙwalwar yara suka kafa ƙungiyarsu, a 1959 kuma fannin ya sami jarrabawarsa da takardar shaidarsa. Kowa ya kama gabansa. Aikin likitan unguwa ya koma rubuta takarda ya tura yaro gaba, shi ke nan.

Shi ma a lokacin bai damu ba, don hannunsa cike yake. Ƙyanda, shan inna, maƙarau, sanƙarau da ciwon huhu ne ke kashe yara. Wanda ke fafutukar ceto numfashi ba ya da sararin tambayar dalilin da ya sa yaro ya daina wasa da sa'o'insa.

Da tsoffin cututtuka suka ja baya

Fenisilin ya wadata a shekarun 1940, rigakafin shan inna ya zo a 1955, na ƙyanda a 1963. Gadajen asibiti suka fara samun sarari, amma layin iyaye a ƙofar likita bai ragu ba. Kokensu ne ya sauya: yaro ba ya ganewa a makaranta, ba ya zama wuri ɗaya, yana fitsarin kwance, yana kukan ciwon ciki amma gwaji bai nuna komai ba, budurwa ta daina cin abinci, saurayi ya fara shaye-shaye. Robert Haggerty na Jami'ar Rochester da abokan aikinsa ne suka fito da wannan sauyi fili a wani littafi da suka wallafa a 1975, suka nuna cewa matsalolin hali da karatu da zaman gida su ne sabon nauyin da ke kan likitan yara.

Alƙaluma sun gaskata su. Kelly Kelleher da abokan bincikensa sun kwatanta shekarar 1979 da ta 1996 a tsakanin yara masu shekara 4 zuwa 15. A 1979, a kashi 6.8 cikin 100 na zuwan yara asibiti ne likita ya lura da irin wannan matsala. A 1996 adadin ya kai kashi 18.7, wato ya kusa ninkawa sau uku cikin shekara goma sha bakwai.

Makarantun likitanci suka yunƙura. A 1969 aka amince da likitancin iyali a matsayin fanni mai zaman kansa, da horon shekara uku wanda ya haɗa da sanin halayyar ɗan'adam. A 1978 wani kwamiti da ya binciki horon likitocin yara ya ce ana yaye su ba tare da isasshen shiri a wannan ɓangare ba. A ƙarshen shekarun 1980 Michael Jellinek da Michael Murphy na babban asibitin Massachusetts suka fito da takarda mai tambayoyi 35 da uwa ko uba za su cike a ɗakin jira cikin 'yan mintoci, don likita ya san yaron da ya kamata ya tsaya a kansa. A 1996 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta wallafa jagoran gane matsalolin ƙwaƙwalwa da aka rubuta domin likitan unguwa, daga 1997 kuma aka wajabta wa duk mai koyon likitancin yara ya yi aƙalla wata guda a sashen girma da halayyar yara.

Wata guda cikin shekara uku, ga matsalar da ke bayyana a kusan yaro ɗaya cikin biyar. An yi, ba a yi ba.

Inda lacca ta gaza

Darasi mafi tsauri daga Turai ya fito, kuma a kan manya aka koye shi. A tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin, a 1983 da 1984, aka tara likitocin iyali na tsibirin aka koyar da su gane ciwon damuwa da maganinsa. Sakamakon ya ba kowa mamaki: masu kashe kansu suka ragu, musamman mata, kwanciya a asibiti saboda ciwon ma ta ragu. Amma da Wolfgang Rutz da abokansa suka sake dubawa, suka tarar zuwa 1988 al'amura sun koma gidan jiya. Wasu likitocin sun bar tsibirin, waɗanda suka rage kuma ba a sake bi ta kansu ba. A yankin Hampshire na Ingila aka yi gwajin da ya fi wannan girma, aka koyar da rukuni ɗaya na likitocin iyali, aka bar ɗaya. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2000: likitocin sun yaba da darasin, amma ba su ƙara gane masu ciwon ba, marasa lafiyarsu kuma ba su fi na sauran samun sauƙi ba.

Dalilin ba a ɓoye yake ba. Likitan unguwa yana da kamar minti goma sha biyar ga kowane yaro. Ya san idan ya tambayi budurwa ko tana tunanin kashe kanta, ta ce e, to ranar ta tsaya cik, ga ɗakin jira cike. In ya ce zai tura ta wurin ƙwararre, sai an jira watanni. Kamfanonin inshora da yawa kuma sun ware kuɗin ƙwaƙwalwa daban, ba sa biyan likitan unguwa ladan wannan aiki. Mutumin da ya san ba shi da inda zai kai amsa, sai ya koyi ƙin yin tambayar.

Shekarar 2004 ta ƙara dagula lissafi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta tattara gwaje-gwaje 24 da aka yi da yara sama da 4,400, ta ga cewa tunanin kashe kai ko yunƙurinsa ya bayyana a kashi 4 cikin 100 na waɗanda suka sha magungunan damuwa, a kan kashi 2 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta. Babu yaron da ya mutu ta wannan hanya a gwaje-gwajen, amma a watan Oktoba hukumar ta ba da umarnin a buga gargaɗi mafi tsanani, wanda ake zagaye shi da baƙin layi, a takardar magungunan. An yi gargaɗin ne don likitoci su ƙara sa ido. Abin da ya biyo baya shi ne likitocin unguwa da yawa suka janye hannu. Binciken da aka yi daga baya ya nuna yawan yaran da ake ganowa da ciwon damuwa ya faɗi, kuma faɗuwar ta fi yawa a wurin likitocin matakin farko. Yaran ba warkewa suka yi ba, daina ganinsu aka yi.

Dabarar Massachusetts

A wannan shekarar ta 2004 ne jihar Massachusetts ta gwada wani abu da ba ya kama da horo ko kaɗan. Tushensa ƙaramin gwaji ne da aka yi a makarantar likitanci ta jihar da ke Worcester. John Straus, likitan yara, da Barry Sarvet, likitan ƙwaƙwalwar yara, na cikin waɗanda suka faɗaɗa shi ya game jihar baki ɗaya da sunan MCPAP. Aka raba jihar shiyya shida, kowace da tawagarta a wani babban asibiti: likitan ƙwaƙwalwar yara, mai ba da shawara, da jami'in da ya san inda ake samun kowace irin kulawa a yankin. Aka ba kowane likitan unguwa lambar waya, aka yi masa alkawari ɗaya: in ka kira a lokacin aiki, cikin minti talatin za ka sami amsa. Kyauta ne, kuma ba a tambayar wace inshora yaron yake da ita. Jiha ce ke biya, daga baya aka sa kamfanonin inshora su ma su riƙa zuba nasu kason.

A ce likita na da yarinya 'yar shekara goma sha huɗu a gabansa, ba ta barci, makinta ya zube, ta fara yanka hannunta. Da can zai rubuta takardar turawa ya yi mata fatan alheri. Yanzu sai ya ɗaga waya. Ƙwararren zai tambaye shi abin da ya gani, ya gaya masa tambayoyin da suka rage, su auna tare ko yarinyar za ta iya kwana a gida lafiya, su yanke ko zaman shawara za a fara ko har da magani, nawa za a fara da shi, yaushe za ta dawo, wace alama ce za ta sa a garzaya asibiti. Idan lamarin ya fi ƙarfin waya, ƙwararren ya ga yarinyar ido da ido, ya rubuta shawararsa, ya mayar da ita hannun likitanta. Jami'in tawagar kuma ya nemo wa iyayen mai ba da shawara da ke da gurbi.

Hikimar tana wurin mayarwar. Ƙwararren ba ya karɓe yaron, likitan unguwa ne ke ci gaba da riƙe shi, shi ke rubuta magani. Haka yaron tela yake koyon ɗinki: almakashi na hannunsa, maigida na gefe, in ya zo wurin wuyan riga ya ɗaga kai ya tambaya. Likitan da ya kira sau biyar a kan ciwon damuwa, a karo na shida shi kaɗai zai yi, sai ya koma kira a kan abin da ya fi wuya.

Wata shari'a ta zo ta ƙara wa shirin amfani. A 2001 aka kai jihar ƙara a madadin yara masu tsananin lalurar ƙwaƙwalwa da ke ƙarƙashin Medicaid, inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi. A Janairun 2006 alƙalin kotun tarayya Michael Ponsor ya yanke cewa jihar ta tauye musu haƙƙi, a shari'ar da aka sani da Rosie D. Daga ƙarshen 2007 ya zama dole likita ya miƙa takardar tantance lafiyar ƙwaƙwalwa duk sa'ad da aka kawo irin waɗannan yara duban lafiya, kuma ana biyansa. Cikin shekara guda tantancewar ta tashi daga ƙasa da kashi 20 cikin 100 zuwa sama da rabi. Da ba don layin waya ba, da an tilasta wa likitoci tono abin da ba su da yadda za su yi da shi.

Rahoton da Sarvet da abokansa suka buga a 2010 ya nuna likitoci 1,341 a asibitocin unguwa 353 sun shiga shirin, kuma su ke duba kashi 95 cikin 100 na yaran jihar. Kafin shirin, kashi 8 cikin 100 na likitocin da aka tambaya ne suka ce yawanci suna iya biyan buƙatar yara masu matsalar ƙwaƙwalwa. Bayan shirin suka kai kashi 63.

Horo mai jela

Su ma masu koyarwa sun sake lale. Peter Jensen, wanda ya daɗe a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, ya kafa cibiyar REACH a 2006. Kwas ɗinta kwana uku ne, amma ba zaman sauraro ba ne: likitoci na kwaikwayon ganawa da uwa mai fushi ko saurayin da ya ƙi magana, suna cike takardun tantancewa da hannunsu. Sannan a raba su ƙananan rukunoni, su shafe wata shida suna haɗuwa ta waya sau biyu a wata, kowa ya kawo labarin wani yaro da ke hannunsa a tattauna. Abin da aka rasa a Gotland ke nan. Lardin Alberta na Kanada ya ɗauki wannan tsari ya sa masa suna CanREACH domin likitocin iyalinsa.

Jihar Washington ta buɗe nata layin a 2008 ta hannun asibitin yara na Seattle, ƙarƙashin Robert Hilt, New York kuma ta haɗa layin waya da irin horon REACH a 2010. Shirin ECHO, wanda Sanjeev Arora ya fara a New Mexico a 2003 don koya wa likitocin karkara maganin ciwon hanta ta bidiyo, shi ma aka are shi zuwa ƙwaƙwalwar yara. A 2009 ƙungiyar likitocin yara ta fitar da jerin abubuwan da ya kamata kowane likitan matakin farko ya iya a wannan fanni, ta sabunta shi a 2019. Majalisar dokokin tarayya ta amince da tallafa wa irin waɗannan layuka a wata doka ta Disambar 2016, kuɗi suka fara fita a 2018. Da annobar korona ta rufe makarantu, sassan gaggawa suka cika da matasa, aka ƙara dala miliyan 80 a 2021. A Oktoban wannan shekarar manyan ƙungiyoyi uku na likitoci da asibitocin yara suka ayyana cewa lafiyar ƙwaƙwalwar yara ta shiga halin gaggawa a ƙasar. Yau mafi yawan jihohin Amurka na da irin wannan layi.

Ɗaya hanyar

Ƙasashen da ƙwararru suka fi ƙaranci su ma sun ga matsalar da idonsu. Wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 1981 ya duba yaran da ake kaiwa ƙananan asibitoci a Sudan, Indiya, Filifin da Kolambiya. Tsakanin kashi 12 zuwa 29 cikin 100 na da matsalar ƙwaƙwalwa, amma ma'aikatan lafiya ba su gane fiye da kashi 10 zuwa 22 na masu matsalar ba. A 1994 Oye Gureje, Olayinka Omigbodun da abokan aikinsu suka duba yara 990 masu shekara 7 zuwa 14 a wani asibitin matakin farko a Ibadan, suka sami matsalar a kusan ɗaya cikin biyar.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP, ta fitar da jagoransa a 2010 domin ma'aikacin lafiyar da ba ƙwararre ba, bugu na biyu na 2016 kuma ya haɗa matsalolin yara da matasa a babi guda. Nijeriya ta daidaita jagoran da yanayinta, aka gwada shi a jihar Osun. Omigbodun, wadda ta shugabanci ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwar yara ta duniya daga 2010 zuwa 2014, ta kafa cibiya a Jami'ar Ibadan da tallafin Gidauniyar MacArthur, inda ake horar da ma'aikata daga ƙasashen Afirka daban-daban. A Nijeriya ba likitan iyali ne ke fara ganin yaro ba. Nas ce ko jami'in lafiya na ƙaramin asibiti, shi ma sau da yawa bayan an zaga wurin malam da mai maganin gargajiya da kemis. Duk da haka sharaɗin bai sauya ba, don shi ma mhGAP an gina shi ne a kan cewa bayan horo za a riƙa bibiya da sa ido.

Abin da ya rage

Tsarin na Amurka bai warware komai da komai ba. Yawancin hujjar nasararsa ta tsaya ne a kan abin da likitoci ke faɗa game da kansu da yadda aikinsu ya sauya. Binciken da ya bi yaran don ganin ko sun fi samun sauƙi bai kai wancan yawa ba. Likitoci da dama sun yi rajista amma ba kasafai suke kira ba. Akwai kuma haɗarin da masu shirin su ma suka sani: likitan da ya saba da magani, a garin da babu mai zaman shawara da yaro, ƙwaya zai fi miƙawa, alhali a matsaloli da yawa na yara zaman shawara da koyar da iyaye ne matakin farko. Layukan da yawa kuma da kuɗin tallafi suke tafiya, wanda yau akwai shi, gobe sai yadda majalisa ta ga dama.

Amma tarihin ya raba gardama a kan abu ɗaya. Taron kwana biyu a otal, da takardar shaida da hoton rukuni, ba ya sauya abin da ke faruwa a ɗakin duba mara lafiya, in ma ya sauya to ba ya daɗewa. Likita na fara yi wa yaro tambaya mai nauyi ne idan ya tabbata akwai wanda zai ɗauki wayarsa. Saboda haka duk hukumar da ke shirin horar da ma'aikatanta a wannan fanni, kafin ta ware kuɗin zaure da na abinci, ta fara ware albashin ƙwararren da zai riƙa amsa kiransu bayan an watse.